Jakin Mawaƙa a Sahun Salla: Kari, Amsa-amo da Maimaici a Babin Salla na Ibnu Ashir



Wannan rubutu amsa ce ga wata magana da aka jefa mini a zamanmu na ƙarshe kafin hutu. Muna hirar waƙoƙin addini, sai na ce cikin duk waɗanda na sani babu wadda ta yi mini aiki kamar babin salla na Ibnu Ashir. Wani abokinmu, ba sai na kama suna ba don ya san kansa, ya ce: "Haba malam, mi ya haɗa Ibnu Ashir da waƙa? Wanga ai doka ce aka sa wa ganga." Aka bushe da dariya, ni kuwa na rasa ta cewa. Na tafi gida Alasan Mai Rairai da maganar tana cina, na yi damina da ita. Ga abin da na dawo da shi.

Wane ne Ibnu Ashir?

Saboda ƴan'uwanmu da suka yi lakwal kawai ba su zauna zaure ba, bari in fara daga nan. Abdulwahid Ibnu Ashir malami ne na birnin Fas a ƙasar Maroko, ya rasu a shekarar 1040 ta Hijira, wato 1631. Littafin da muke kira da sunansa, ainihin sunansa Almurshidul Mu'in. Waƙa ce ta Larabci mai baiti sama da 300, ta tattara tauhidi bisa tafarkin Ash'ari, da fiƙihu bisa mazhabar Maliku, da tasawwufi bisa hanyar Junaidu. Ɓangaren fiƙihun ya bi tsarki, salla, zakka, azumi, sannan hajji. Almajirinsa Mayyara ya yi mata sharhi, kuma har yau ana karanta ta a zaurukan ilimi na ƙasashenmu, kusa da su Ahalari da Ishmawi da Iziyya. Bambancinta da waɗannan ukun shi ne su zube ne, ita kuwa waƙa ce. Ni babin salla kawai zan duba.

Abin da ya faru a gona

A daminar nan, lokacin maimai, mu huɗu muna aiki a gonar gero har la'asar ta yi. Aka tura ni gaba don wai ni ne na yi karatu. Gajiya ta yi gajiya. Bayan sujada ta biyu a raka'a ta biyu, maimakon in zauna tahiya sai na miƙe tsaye. Na ji "subhanallahi" a bayana. Duk wanda ya taɓa limanci ya san wannan lokacin: ba littafi a hannu, ba malam kusa, ba damar juyowa ka tambaya, kuma sallar mutum uku tana wuyanka. In koma ko in wuce?

Abin da ya zo mini a lokacin amo ne. Kafin ma'ana ta iso, sautin baitin ya riga ya faɗo mini a ka, da irin muryar da muke biya shi muna yara, sannan kalmomin suka biyo shi ɗaya bayan ɗaya, sannan hukuncin: wanda ya tuna zaman tsakiya bayan hannuwansa da gwiwoyinsa sun rabu da ƙasa ba ya komawa, sai ya ci gaba ya yi ƙabli, in bai kai ga haka ba, ya koma ya zauna. Na wuce, na yi sujada biyu kafin sallama. Duk abin bai kai ƙiftawar ido biyu ba.

Ahalari ma na karanta, kuma wannan hukunci yana ciki. Amma ba shi ya zo ba. Tun ranar nake tambayar kaina dalili, kuma dalilin yana cikin abubuwa uku da muke ta faɗa a kansu a zamanmu: kari, amsa-amo da maimaici.

Kari

Ibnu Ashir ya ɗora waƙarsa a kan karin rajaz, ɗaya daga cikin karuruwa 16 na arulin Larabci, ilimin da Halilu ɗan Ahmad na Basra ya kafa. Ma'aunin aruli nauyin gaɓa ne, kuma a nan mu Hausawa mun yi sa'a, don harshenmu ma yana bambanta gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Gaɓa marar nauyi ita ce baƙi da gajeren wasali, kamar "gi" a cikin gida. Mai nauyi ita ce mai dogon wasali, kamar "go" a cikin gona, ko wadda baƙi ya rufe, kamar "kun".

Ƙafar rajaz gaɓa huɗu ce: mai nauyi, mai nauyi, marar nauyi, mai nauyi. Ku faɗi "gonar hatsi" a hankali, kun ji ta ke nan. A jera irin wannan ƙafa sau uku, an samu rabin baiti, gaɓa 12, wani lokaci 11 in an datse ƙafar ƙarshe. A ƙara wani rabin, baiti ya cika.

To amma rajaz yana da sauƙin kai. An yarda a sassauta gaɓar farko, ƙafar ta koma kamar "kunun gyaɗa". An yarda a sassauta ta biyu, ta koma kamar "babu ruwa". An ma yarda a sassauta duka biyun, ta koma kamar "mu ci tuwo". Ku maimaita su a jere: gonar hatsi, kunun gyaɗa, babu ruwa, mu ci tuwo. Kowace gaɓa huɗu ce, kowace ta ƙare da mai nauyi, gaɓa ta uku kuma kullum marar nauyi. Farkon ƙafa yana lanƙwasa yadda kake so, ƙarshenta ba ya motsi. Saboda wannan sauƙin kai ne Larabawa suka yi masa laƙabi da jakin mawaƙa.

Su da raini suka faɗa. Mu da muka tashi inda jaki ke janyo ruwa daga rijiya ya kuma kai damman gero gida, mun san darajarsa. Wanda zai ɗauki kalmomi irin su ruku'u, sujada, niyya, Fatiha, sallama, waɗanda ba ka da ikon musanya su da wasu don daɗin baki, dole ya nemi dabbar da za ta karɓi kowane irin kaya. Shi ya sa Ibnu Malik ma ya ɗora nahawu kacokan a kan rajaz cikin Alfiyya, baiti wajen 1000. Kuma karin ya shigo Hausa: Tutocin Shehu ta Mu'azu Haɗeja a kansa take tafiya.

Aikin karin a nan tsaro ne. In kana haddar zube ka ƙetare kalma ɗaya, jimla tana iya tafiya lafiya lau ba ka sani ba. In kana biya rajaz ka ƙetare kalma, ƙafa za ta gurguje, bakinka zai yi tuntuɓe tun kafin hankalinka ya gane. Ibnu Ashir ya ƙidaya farillan salla 16. Mai lissafa su da ka yana iya kawo 15 ya ɗauka ya gama. Mai rera su ba zai iya ba, ramin zai fito a sauti.

Amsa-amo

A nan ne abokinmu zai ce ya kama ni, don mun saba ganin gwanintar mawaƙi wajen riƙe amsa-amo guda tun daga farko har ƙarshe. Burda ta Busiri, baiti wajen 160, duk a kan harafin mimun take ƙarewa. Ishiriniya ta Alfazazi tana ɗaukar harafi ɗaya ta yi baiti 20 a kansa kafin ta koma na gaba. Rubutattun waƙoƙinmu na Hausa ma, musamman ƴan ƙwar biyar, suna riƙe babban amsa-amo guda a ɗangon ƙarshe na kowane baiti. Ibnu Ashir bai yi haka ba. Rabin baiti na farko yana amsa wa na biyu, shi ke nan; baiti na gaba ya zo da nasa sabon amo.

Da ina ganin wannan kasawa ce. Yanzu na canza ra'ayi. Mai yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana zagaya abu guda ne da bege, amo guda ya dace da shi. Mai koyar da hukunci kuwa kowane baiti da kayansa daban, kuma ba ya son su cakuɗe. Da duk baitocin rafkanuwa da harafi ɗaya suke ƙarewa, da a gonar nan rabin wani baiti ya manne da rabin wani, in ɗauko hukuncin da ba shi ba ne. Da yake kowane rabi abokinsa ɗaya ne tak a wurin, in ka kamo ɗaya sai ya janyo ɗan'uwansa, kamar shanun huɗa.

Amma akwai kuɗin da aka biya. Ku duba jerin farillan salla. Ahalari, da yake zube ne, ya fara da niyya, yadda kowa ke yi in ya tsaya salla. Ibnu Ashir ya fara da kabbarar harama, sai tsayuwa dominta, sai niyya ta zo ta uku. Haka ya yi a alwala: cikin farillai 7, cuɗawa da yin ta a jere suka riga niyya, har sai da ya ƙara ƴar kalma yana tunatar da cewa a farko ake yin ta. A ganina kari da amsa-amo ne suka tura niyya baya. Wanda ya ɗauki jerin waƙar a matsayin jerin aiki zai ruɗe.

Sai dai wani lokaci tilas ɗin amsa-amo tana haifar da alheri. Akwai baitin da rabinsa na farko ya ƙare da ruku'u. Rabin na biyu yana maganar ɗagowa da sujada, yana kuma bukatar kalmar da za ta amsa wa ruku'u. Kalmar da malam ya kawo ita ce hulu'i, wato ƙanƙan da kai. Ba ta cikin lissafin 16 ɗin. Mai sukar waƙa zai ce ciko ce, an sa ta ne don amo ya daidaita. Wataƙila haka ne. Amma kalmomi nawa ne a Larabci da za su iya zama wurin? Ya zaɓi wadda ta tuna wa yaro mai ƙidayar farillai cewa goshin da ke ƙasa yana da abin da yake nufi. Kuma ya ajiye ta a ƙarshen baiti, inda murya ke sauka ta ɗan daɗe. Ni a duk babin babu inda na fi jin mawaƙi kamar wannan wuri. A nan ake gane ciko na malami da ciko na mai neman tsira.

Maimaici

Salla kanta maimaici ce. Raka'a 17 a yini, Fatiha 17, sujada 34, kabbara 94 in ka haɗa salloli biyar. Waƙar da za ta koyar da ita kuwa, abin mamaki, tana da rowar kalma ƙwarai. Ba ta da amshi. Ba ta faɗin hukunci sau biyu. To ina maimaicin yake?

Na same shi wuri uku. Na farko cikin jerin farillai: tsayuwa ta zo sau biyu, ɗaya don kabbara ɗaya don Fatiha, ɗagowa ta zo sau biyu da lafazi iri ɗaya, ɗaya bayan ruku'u ɗaya bayan sujada. In kana biya wurin sai ka ji baitocin suna duƙawa suna ɗagowa yadda jikinka ke yi. Daga Fatiha zuwa sallama jerin ya bi sallar sau da ƙafa.

Na biyu maimaicin tsari. A alwala ya kawo farillai, sai sunnoni, sai mustahabbai, sai makaruhai, sai abubuwan da ke warware ta. Da ya zo salla ya sake bin wannan turba, da ƴan ƙare-ƙare. Sau da yawa kuma yakan faɗi adadi tukuna sannan ya jero: farillan salla 16, sharuɗɗanta 4, ga su. Yaro ya san buhu nawa zai ɗauka kafin a fara loda masa. In ya saba da tsarin a babi ɗaya, ya san inda zai nemi abu a babi na gaba.

Na uku, wanda ya fi duka, ba ya kan takarda. Yana bakin almajiri. Malaminmu baiti biyu ko uku yake ba mu, mu biya, mu biya, mu sake biyawa, gobe a fara daga na jiya. Waƙar ta taƙaita ne don ta san za a maimaita ta. Manomi ya san noman fari ba ya isa, sai an yi maimai gero ke tashi. Wanda ya karanta Ibnu Ashir sau ɗaya da ido, kamar yadda muke karanta darasin mushe daren jarrabawa, bai ji waƙar ba tukuna, kuma ina zaton abin da ya samu abokinmu ke nan.

Inda waƙar ke da tarko

Kada a ce na zo yabo kawai. Akwai wurin da amsa-amo yake yaudarar kunne, kuma wurin yana da haɗari.

Fasalin rafkanuwa ya buɗe da baitin da ke cewa wanda ya rage sunna, ko sunnoni, da mantuwa, zai yi sujada biyu kafin sallama. Amo ya amsa, murya ta sauka, kunne ya ce magana ta ƙare. Alhali ba ta ƙare ba. Sharaɗin, wato sunnar ta kasance mai ƙarfi, ya tsallaka ya zauna a farkon baiti na gaba, sannan aka ci gaba da cewa mai ƙari zai yi ba'adi, in kuma ragi da ƙari suka haɗu a rinjayar da ragi. Wannan shi ne abin da masu nazarin waƙar Hausa irin su Abdulƙadir Ɗangambo suke kira saɓi-zarce, ma'ana ta zarce daga baiti zuwa baiti.

A waƙar soyayya saɓi-zarce ado ne. A nan kuwa, wanda ya haddace baitin farko ya tsaya zai ɗauka kowace ƴar mantuwa ƙabli ake yi mata. Alhali a mazhabar Maliku, kamar yadda yake a Muhtasar na Halil, wanda ya yi ƙabli saboda barin mustahabbi, sallarsa ta ɓaci. Ka manta alƙunutu da asuba, ka ce bari in gyara da ƙabli, sai ka rushe abin da ba shi da matsala. Yanzu na gane dalilin da ya sa malaminmu ba ya taɓa yarda a yanke darasi a wannan baiti, ko da an kira magariba sai an haɗa da na gabansa. A lokacin mun ɗauka tsanani ne kawai.

Aibu na biyu matsi ne. Don kalmomi su shiga ƙafa, an datse wasu, an jinkirta wasu, an bar wasu a zuci. Ko wanda ya iya Larabci yana bukatar sharhi, balle mu. Na san waɗanda ke biya babin nan tas kamar ruwa, amma ka ce su fassara baiti ɗaya sai ido. Karin da ke tsare kalma ba ya tsare fahimta. A gona amo ya kawo mini hukunci ne don an taɓa fassara mini shi a zaure, kalma bayan kalma. Ba don haka ba da amon ya zo hannu wofi.

Na uku, wanda nan abokinmu yake da gaskiya: in ka zo neman hoto cikin kalmomi, ko kamance, ko abin da zai sa ka hawaye, babin salla ba zai ba ka ba. Ba ya gaya maka daɗin tsayuwar dare ko nauyin tashi da asuba cikin hunturu. Wannan ka neme shi wajen masu bege da masu wa'azi.

Hukuncina

To waƙa ce ko doka ce aka sa wa ganga? Ni dai na ce waƙa ce, don gangar da yake rainawa ita ce ke yin aikin. Cire kari da amsa-amo, abin da ya rage akwai shi a littattafai da yawa. Abin da Ibnu Ashir ya ƙara shi ne ya sa hukunci ya iya shiga inda takarda ba ta shiga, cikin sahu, tsakanin sujada da tsayuwa. Shekara kusan 400 bayan rasuwarsa, daga Fas, baitinsa ya iske wani ɗan lise a gonar gero tsakanin Mayahi da Tasawa a daidai lokacin da yake bukatarsa. Wane ne a cikinmu ya rubuta abin da zai yi rabin wannan tafiya?

Abin da ya shafe mu

Na faɗi wannan duka ne saboda waƙoƙin da muke kawowa zama. Yawancinmu, har da ni, mun ɗauka in ɗango ya ƙare da "wa" ko "na" an yi waƙa. Sai ka ga ɗango ɗaya gaɓa 9, mai bi masa 15, mai karatu yana gudu a nan yana ja a can don su daidaita. A ɗakin ɗaukar sauti kiɗa yana rufe wannan. A takardar fotokopi babu abin da zai rufe shi. Kuma da yake rubutunmu na boko ba ya nuna dogon wasali da gajere, ido ba zai taimake mu ba, sai an faɗa da baki an saurara.

Ina da shawara biyu. Ta farko, a zama mai zuwa kowa ya zo da baiti biyu nasa, mu hau allo mu raba gaɓoɓi, mu sa wa mai nauyi alama, marar nauyi alama, mu ga ko ɗangogin suna tafiya tare. Ba dole sai rajaz ba, amma kowa ya san a kan me yake tafiya.

Ta biyu ga masu son rubuta waƙar addini. Kafin ka ɗauki bik, ka san aikin da kake son waƙar ta yi. In zuciya kake nema, riƙe amo guda, ka yi amshi, ka zagaya. In koyarwa kake yi, taƙaita, faɗi adadi, kuma kada ka bari sharaɗi ya kwana a wani baiti daban da hukuncinsa. Ƙannenmu da iyayenmu mata da yawa ba za su zauna gaban Ibnu Ashir da Larabci ba, amma suna rafkanuwa a salla kamar kowa. Na fara gwada ƙabli da ba'adi da Hausa a kaye na, na kai baiti shida, kuma na riga na ga inda nake cusa ciko marar amfani. In na gama zan kai wa malami ya duba hukuncin tukuna, sannan in kawo muku ku duba karin. Abokinmu mai maganar ganga, kai nake so ka fara ƙidaya gaɓoɓin.

Allah ya karɓi sallolinmu, ya yafe mana rafkanuwarmu. Wassalam.